Idon da Baba Istifanus Ya Kafa a Taga

"Anti Naomi, titi ne kawai tsakaninku," in ji Caleb. "Tun safe Baba na kwance a ƙasa har yamma, ko leƙawa ba ki yi ba?"

A gaban matan zumuntar coci da suka zo makoki ya faɗa, sai waƙa ta tsaya. Ran Naomi ya ɓaci. Mutumin da unguwarsu ta Romi ke gani sau biyu a shekara, yau shi ke tuhumarta, ita da ta shekara shida tana kai wa ubansa tuwo.

Baba Istifanus tsohon ma'aikacin lantarki ne a masaƙa. Tun da aka rufe ta ya koma haɗe-haɗe a ɗaki. Na ƙarshe shi ne allon da zai kafa a ƙofar coci, mai nuna shafin cocin na intanet. Ya jona shi da wata 'yar kwamfuta kamar akwatin ashana, da ɗan farin ido mai gane motsin mutum. Ka gifta ya kunnu, minti biyu ba motsi ya ɗauke. Ya ajiye shi a taga, allon na kallon titi, idon na kallon ɗaki.

"Hawan jinin nan ba ya sallama," ya ce wa Naomi. "In kin ga allon na ci, ina motsi. In ya daɗe a ɗauke, ki zo."

Ranar Talata allon ya wuni yana ci. Daga bakin shagonta ta duba ya fi sau goma, har tana cewa yau tsoho ya sami abin yi. Sai da ta kai tuwon yamma ta tarar da shi a ƙasa, ya riga ya cika.

Caleb na rufe baki a wurin makokin, Naomi ta miƙe. Ta ratsa matan zuwa taga. Rawayar wayar idon ba ta inda ta saba ganinta.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne, ran Litinin da na kwana nan. Ya kunnu ya ɗauke, ya ishe ni, sai na sa ya tsaya a kunne. Ai ba wani abu ba ne."

"Ka gaya masa?"

"Da asuba na kama hanyar Abuja."

"Da shi nake ganin babanka, Caleb. Kai ka rufe mini ido."

Ta mayar da wayar raminta, ta fice ba ta yi wa kowa sallama ba.

Washegarin jana'iza Caleb ya shiga ɗakin shi kaɗai. Daga shago Naomi ta ga allon ya kunnu. Ta kau da kai, don har yanzu ba ta ko son jin sunansa. Da ta sake dubawa ya ɗauke. Minti biyar. Minti goma.

Ta ja tsaki, ta rufe kwanon tuwo, ta tsallaka titi.