Maƙwabcin da Ya Ƙi Jin Labari

Ranar Talata Mian Shafqat ya sa hannu a takardar sayen gida. Ranar Laraba lauyansa ya kira daga Lahore ya ɓata masa karin kumallo.

Ni ne dillalin, sunana Pervez, kuma ina zaune a gabansa wayar ta shigo. Shekara talatin Mian yana sayar da fanka a Lahore. Ya sayar da shagon kacokan, ya sayi wannan gida a Barkot, can sama da Nathia Gali: ɗaki huɗu, koren rufin kwano, da fili kanal goma sha biyu, wato eka ɗaya da rabi, cikin daji. Ba shi da wani abu a duniya bayan wannan.

Ya ajiye wayar, ya ture farantin gurasar paratha.

"Pervez, wa ke iyaka da filina?"

"Baba Mehrban. Wani tsoho ne mai awaki."

"Lauya ya ce yana da haƙƙin shufu'a. Wai in ya ji labarin cinikin ya ce yana so, sai ya biya abin da na biya ya karɓe gidan."

"Haka ne, yallaɓai. Amma sai ya faɗa a zaman da ya ji labarin. In ya miƙe bai ce uffan ba, magana ta mutu."

"To tashi mu gaya masa gaban shaidu, ya miƙe, hankalina ya kwanta."

Muka ɗauki shaidu biyu, ladan da mai gadin otel, muka nufi gidan tsohon. Tun daga nesa ya hango mu, mutum huɗu, na gaba riƙe da takarda. Ya zagaya bayan garkensa, ya faɗa daji. Ko ƙurarsa ba mu gani ba.

Mian ya ce, "Ka ga makirci? Jan lokaci yake. An ce ɗansa yana Dubai. Sai an turo masa kuɗi sannan zai yarda ya ji."

Washegari muka yi wa tsohon kwanton ɓauna a bakin maɓuɓɓuga. Ya zo da awaki, ya gan mu, ya juya. Wannan karon Mian ya ce ba zai bari ba. Ya tattare rigarsa, ya ɗauki tumbinsa ya bi shi, mu kuma muka rufa masa baya, har tsohon ya biyo da mu ta gaban gidan Mian.

A nan zan faɗi gaskiya. Mian bai taɓa taka filinsa ba. Daga baranda ya gan shi, ranar da gajimare ya sauko ya rufe komai, yana shan shayi yana cewa masha Allah. Ni kuma ban ga dalilin wahalar da baƙo ba.

Taku ashirin daga barandar, ƙasa ta ƙare. Mian ya zame da mazaunai, ya yi ta tafiya har Allah ya haɗa shi da saiwar wani itace. Na sauka na kama wata saiwar kusa da shi. Can ƙasa, Baba Mehrban mai shekara saba'in yana tsallaka duwatsu kamar ɗaya daga cikin awakinsa.

Mian yana haki ya ce, "Pervez, filin wa muke rataye a kai?"

"Naka ne, yallaɓai. Kanal na uku ke nan."

"Sauran taran fa?"

Hannuna ba su da sarari, sai na nuna masa ƙasa da haɓa.

"A takarda a kwance yake."

"Ai takarda a kan tebur take, yallaɓai."

Wani biri ya sauko, ya zare masa hula, ya koma sama ya zauna yana dubawa.

Da muka jawo shi, ya zauna a kan dutse ya ce ba komai, zai sare itatuwa ya gina ɗakunan haya na masu zuwa shan iska. Ladan ya yi gyaran murya. "Alhaji, kowane itace nan malaman daji sun san da zamansa. Ka mari surukinka ya fi maka sauƙi." Mai gadi ya ƙara da cewa ruwan gidan ma daga gefen Baba yake zuwa, in Baba ya ga dama.

Mian ya karkaɗe rigarsa, muka koma gida.

Safiyar Juma'a aka kawo mana labari tsohon yana shagon Liaqat mai aski. Muka same shi a kujera, an ɗaura masa ƙyalle, fuska duk kumfa, aska a maƙogwaro. Mian ya tare ƙofa, ya buɗe takarda.

"Baba Mehrban, ga shaidu biyu. Na sayi gidan da ke iyaka da kai, da filinsa kanal goma sha biyu."

Tsohon ya dafa hannun kujera zai tashi. Sai Mian ya yi tsalle ya danne masa kafaɗu.

"Zauna, Baba. Yi tunani. Gaggawa aikin shaiɗan ce."

Na raɗa masa, "Yallaɓai, bar shi ya tashi mana. Abin da muke nema ke nan."

"Rufe min baki, ɗan damfara." Ya juya ga tsohon, murya kamar zuma. "Haƙƙinka ne, Baba. Ƙasar kakanninku ce. Ka bari wani mai kanti daga Lahore ya zauna maka a ka? Ka ce kana so kawai. Zan bar maka kujeru. Zan ƙara maka fanka shida, sababbi fil."

Liaqat ya ce, "Fanka a Barkot? Su yi wa ƙanƙara fifita?"

Baba ya buɗe ido ɗaya ta cikin kumfa. "Ɗana, wai ba awo kuka zo yi ba?"

"Wane awo?"

"Na ga takarda, na ɗauka iyaka za a auna. Garkena ya ɗan shiga filinka."

"Ɗan shiga nawa?"

"Dukansa. Nan ne kaɗai wurin da akuya ke iya kwanciya ba ta gangara ba."

"To saya, ya zama naka halak malak."

"Shekara arba'in awakina ke cin ciyawar nan. Masu gida huɗu aka yi kafin kai, ba wanda ya iya sauka ya hana su. In saya in yi me?"

Mian ya ƙara dannewa. Tsohon ya sulale ta ƙarƙashin ƙyallen kamar kifi, ya fito ta gefe, ya tsaya ƙyam a tsakiyar shago, rabin gemu a aske.

Ladan ya ce, "Mun shaida ya miƙe. Gida ya tabbata naka, Alhaji. Allah ya sa albarka."

Mian ya zube a kujerar da tsohon ya bari.

Baba ya goge kumfa da hannun riga, ya dafa masa kafaɗa cikin tausayi. "Kada ka damu, maƙwabcinka nagari ne. In hunturu ya shigo hanya ta rufe, wurina masu gida ke barin makulli. Awakin ba sa son sanyi, amma ɗaki biyu ya ishe su."