Karan Awon Takawa

"Tallabo mai kai, Cima, ruwan zubewa shikai," in ji Kalla.

Cima ta tallabo kan wanta, Kalla ya ɗiga masa ruwa da ludayi. Takawa ya haɗiye kaɗan, saura ya bi gemu. Tun kaka tari ke cinsa, yanzu ga bazara, ya koma kamar kara a kan tabarma.

Daga Babankatami har Buza babu wanda bai san Kalla ba, wanda bai sani ba kuwa Kalla da kansa zai sanar da shi. Babbar yunwa ta same shi, ta gaji ta bar shi. Shekarar fara ya ci anza, 'ya'yan itacen daji, har ɗacinta ya daina damunsa. Aikin dole na kumandan, Baturen mulki, shi ya fasa duwatsun hanyar Madawa, gardi, dogarin kumandan, ya karya bulala a bayansa bai ji ya ce wayyo ba. Bai taɓa riƙe allo ba balle ya ga ƙofar lakwal, makarantar boko. Amma abin da ya fi tinƙaho da shi ɗaya ne: duk wanda ciwon ajali ya kama a garin, shi ake kira ya zauna a kansa, kuma ba a taɓa samun wanda ya cika a hannunsa bai yi kalmar shahada ba.

Takawa maƙwabcinsa ne, darni ɗaya ya raba gidajensu. Ɗan amininsa ne, marigayi Isaka. Takawa ya tafi cin rani kudu ya daɗe, ya komo yana cewa shi Almasihu yake bi. Shi kaɗai ne haka a garin. Aka daina cin yankansa, amma in rijiya ta rufta shi ake nema, kuma ba ya ƙi.

Da safen nan liman, Malam Alƙasim, ya tare Kalla a bakin zaure. Ya ce in Takawa ya yi shahada, ko da kunnen Kalla kaɗai ya ji, za a yi masa wanka da salla, a kwantar da shi kusa da ubansa. In bai yi ba, babu wurinsa a maƙabarta.

"Malam, ka sa a ɗora ruwan wanka," Kalla ya ce. "Ni na hwa."

Ga shi yanzu rana ta take, ya yi lallashi, ya yi faɗa.

"Ɗan Isaka, taurin kai gare ka kamar jakin kasuwa. Kalma guda ta! Ni na gina kabarin ubanka da hannuna, na bar ma wuri dab da shi. Ko so kakai a kai ka daji kamar wanda ba shi da kowa?"

Takawa ya yi murmushi, tari ya sarƙe shi, sai da ya lafa ya yi magana. "Baba Kalla, wanda nika bi, shi ma kabarin aro anka sa shi. Ya riga ni shiga, ya san ta inda aka hita. Ya ce wanda bai ji kunyatai gaban mutane ba, shi ma ba shi jin kunyar mai shi gaban Uba. Yanzu da nika bakin ƙohwa za ni ce ban san shi ba?"

"Mu ma mun san Annabi Isa, ba ku kaɗai ba."

"To ka san ba shi yaudara."

Cima ta fashe da kuka. "Yaya, ka dubi Allah ka dube ni. Da wane ido za ni bi ta kasuwa?"

Kalla ya waiwaya wajen ƙofa, ya sunkuyo, ya rage murya. "Ji nan. Na tsuhwa, kunnena ba shi rarrabe magana. Motsa leɓe kawai. Abin da za ni hwaɗi waje, wannan tsakanina da Allah na."

Takawa ya lalubo hannun tsohon ya riƙe. Hannun Takawa da ke fasa dutse a gindin rijiya, yau ba shi da nauyin ludayi.

"Baba, tun ina yaro nika jin kana yabon kanka, ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Kada ka hwara sabili da ni."

Wata kaza ta leƙo, Cima ta kore ta da gefen zane.

"To, in ya zan haka," Kalla ya ce da ƙyar, "ina za ni juya huskarka? Mu gabas muka yi. Ku hwa?"

"Duk inda ka juya ni, shina gane ni."

Gab da azahar numfashin Takawa ya fara sama sama. Kalla ya kai baki kunnensa kamar yadda ya saba, ya karanta shahada a hankali, ya sake. Leɓen Takawa ya motsa. Kalla ya kasa kunne, ya kuwa ji sarai. "Yesu, ga ni." Daga nan bai ƙara ba.

Kalla ya shafe masa idanu, ya miƙar da ƙafafunsa, ya fito. Maza na zaune gindin aduwa. Cima ta biyo shi har bakin ɗaki tana kallon bayansa, ita da shi kaɗai suka ji.

"Ya yi?" in ji liman.

Kalla ya gyara wuyan riga. Kowa ya san in ya ce ya yi, magana ta ƙare.

"Bai yi ba, Malam. Sunan Annabi Isa ya kira, yadda su suka kiran shi, har ya cika."

Surajo mai awon hatsi ya ce, "Ashe akwai wanda ya gagari Kalla."

"Awo, an samu. Amma namiji na ya kada ni, ba irinka ba."

Bai ƙara kallon kowa ba. Ya je darnin da ya raba gidajen nan biyu, ya zare kara mafi tsawo, ya shiga ya auna gawar daga kai zuwa diddige, ya karye abin da ya yi saura. Ya saɓa dagi ya nufi gonar Takawa, can bayan gari inda ƙasa ta fi dutse tauri. Ya ajiye karan, ya zana tsawonsa, ya fara haƙa. Ya haƙa kaburbura a shekarar yunwa har ya daina sanin na wa ne, amma lokacin yana da ƙarfi, kuma ba shi kaɗai ba. Yau dagi na dukan dutse yana dawo masa har kafaɗa.

Ramin bai kai gwiwa ba ya ga inuwa a kansa. Malam Alƙasim ne, da fasassun tukwane na rufin kabari a hannu.

"Salla ba ni yi mai, Kalla."

"Wa ya roƙe ka?"

"Amma rijiyar masallaci shi ya yashe ta. Hito ka huta, tsoho."

"Tsoho? Ni da na..." Numfashi ya ƙwace masa. Ya miƙa dagin.

Su biyu suka ɗauko Takawa a tabarmarsa bayan la'asar, Cima ta ba da farin zanenta aka naɗe shi. Kalla ya shiga ramin ya karɓe shi. Ya dubi gabas, sannan ya juya fuskar wajen gari. Suka jera tukwanen, suka tura ƙasa, Kalla ya kwantar da karan awon a bisa kabarin, ya danne da dutse don iska.

Da ya koma gida ya zauna tsakar gida yana sauke gajiya. Inda ya zare karan, darnin ya bar 'yar kafa. Ta nan yake hango ƙofar ɗakin Takawa, da takalmansa na fata a ajiye gefe da gefe, da ludayin a kife bisa tulu.