Fuskar Lauwali a Majigin Walta

Shatu ta diro daga bayan akori-kura a tashar Kazaure, ba ta ko tsaya kakkaɓe zaninta ba. Har rugarsu ta bayan Roni labari ya same ta: Baturen nan na Amurka ya dawo, kuma akwai Lauwali a cikin majiginsa.

Lauwali ɗanta ne na fari. Kun dai san kunyar Fulani: tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta ƙare wa fuskarsa kallo ba. "Yaron nan" take cewa. Ta san ƙeyarsa, ta san tarinsa, ta san takunsa. Da yaƙin basasa ya zo ya shiga soja, aka gama yaƙi ba shi, ba gawa, ba ko takalmi. Yanzu in ta rufe ido ƙeyar kawai take gani.

Shi kuwa Baturen, Walta, halinsa sai shi. An ce a ƙasarsu ma masu kallon fim ɗinsa ba su cika tabarma ba, matarsa ta gaji ta kama gabanta. Ba ya ɗaukar labari. Sai ya wuni rub da ciki a bakin rijiya yana ɗaukar guga, bayan nan ya sa allura yana karce abin da ya ɗauka. Kafin yaƙi ya bi Lauwali kiwo har damina ta fita.

A siton gyaɗa aka nuna, da la'asar, an toshe tagogi da buhuna. Tana shiga ta yi kiciɓis da Kawu, yayan mijinta.

"A'a, Shatu! Ke ma kallon majigi?"

"Nono na kawo, Kawu."

"Ba ƙwarya?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta raɓe a bayan mata.

Inji ya tashi. Haske, zane-zane, kofaton saniya, sama a kife. Wani ya ɗaga murya: "Bature, ina mutanen? Ko injin ne ya ci guba?" Aka fashe da dariya. Shatu ko ƙiftawa ba ta yi.

Sai ga ƙeya ta cika bango. Ta gane ta tun kafin hasken ya zauna. Wuyan ya fara juyowa a hankali, kunne ya fito, gefen kumatu ya fito.

"Ga Lauwali!" in ji wata.

Kawu ya waiwayo ya dube ta. Kanta kuwa bai yi shawara da ita ba, ya sunkuya, kamar yadda ya saba tun ranar suna. Da ta ɗago, guga ne ke lilo a bango.

Da aka buɗe ƙofa ta lallaɓa wurin Malam Falalu, mai yi wa Baturen tafinta.

"Malam, a roƙe shi ya ɗan maimaita wurin yaron nan."

"Wane yaro, Inna?"

"Mai shanun."

Falalu ya juya maganar. Walta ya dakata da naɗe fim, ya dube ta da kyau, ya yi tambaya.

"Ya ce motar Kano na jiransa, amma mene ne yaron a wurinki?"

Kawu na tsaye a bakin ƙofa da sandarsa. Kalmar ta zo har haƙoranta ta tsaya.

"Ba komai," ta ce. "Na rugarmu ne."

Walta ya yi murmushi, ya rufe gwangwanin fim ɗin, ya sa a hammata.

A mota Kawu ya yi ta yabonta ga duk wanda ya zauna kusa. "Irin su Shatu sun ƙare. Ɗanta a bango, ko kallo!" Can ya juyo gare ta, muryarsa ta yi laushi. "Amma fa kamarku ɗaya da shi. Sak."

Da ta isa gida ba ta shiga bukka ba. Ta wuce wurin randa, ta ɗaga faifai, ta leƙa ko za ta ga fuskarta. Ruwan ya yi ƙasa sosai. Ta daɗe a sunkuye, ba ta ga komai ba.