Igiyar da Ke Aron Ganye

Ni Nemesio, wanda teku ta haɗiye a shekarar babbar girgizar ƙasa ta kuma tofar don na fi ƙarfin cikinta, ban taɓa zama a aji ba, amma babu igiyar kurmi da ta isa ta yi mini ƙarya. Har da pilpil, wadda matata Clorinda ke saƙa kwanduna da ita. Munafuka ce, duk bishiyar da ta hau sai ta kwaikwayi ganyenta. Sai sanyi ya wuce ta fitar da 'yan furanninta farare masu ratsin kore, sannan asirinta ke tonuwa.

Yanzu ta yi wuya. Kwari ɗaya ya rage mai ita da yawa, ni kaɗai na san shi, kuma ranar da aka ji, aske shi za a yi tas.

Wata safiya ina kan hanyar kwarin na ji ana taka ganye a bayana. Eleuterio ne, mijin ƙanwar Clorinda, ya laɓe bayan itacen da bai kai kaurin cikinsa ba. Na saki hanya, na tsaya gindin quilmay, wata igiyar daban mai fure ruwan hoda, wadda ko akuya ba ta ci. Na cire hula, na ɗaga murya:

"Ke pilpil! Bana har fure kika aro?"

Na yi tafiyata. Shi kuwa ya kwaso dami har yana nishi.

Matarsa Orfelina, wadda ita ma ke saƙa kwanduna, ta dafa, ta jiƙa a rafi, ta zo ɓarewa, sai ga abu baƙi yana kakkaryewa. Da yamma ga ta a kicin ɗinmu, tana janye da mijin.

"Yaya, dubi abin da buhun dankalin nan ya kawo mini!"

"Ai da kunnena na ji ya kira ta da sunanta," in ji Eleuterio.

Na ce, "Ɗan'uwa, ina hirata da daji, wa ya aike ka saurare?"

Clorinda ta ajiye ƙoƙon shayin mate. "Tsoho, ko ka kai shi kwarin gobe, ko ka riƙa ɗauko wa gida biyu pilpil."

Na zaɓi gida biyu. Bayana yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma har yau Eleuterio bai san hanyar kwarin ba. In na sauke musu dami kuma, shi nake sawa ya zuba mini mate.