Irin Cittar da Aka Bari a Tudu

Ranar da aka ba da hutun Kirsimeti, mai makaranta ya kira malamai shida ofishinsa, ɗaya bayan ɗaya. Obadiah ne na huɗu. Shekara goma sha tara yana koyar da lissafi a wannan makarantar kuɗi ta Kafanchan, amma maganar ba ta ɗauki minti biyar ba. Tun da aka janye tallafin man fetur iyaye suke kwashe 'ya'yansu suna mayar da su makarantun gwamnati. Aji uku sun koma aji ɗaya. Mai makaranta ya yi masa addu'a, ya ba shi kalandar sabuwar shekara.

A gida matarsa Faustina ta saurare shi tana zaune gaban keken ɗinkinta. Ita ma rabonta da sabon yadi tun watan Satumba, sai faci da sauya zif.

"To, Baban Miriyam, ai kana da gona," ta ce.

Yana da ita. Tana Kagoma, kan wani tudu mai tsakuwa, gadon mahaifinsa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya ba Zamani aronta, ɗan ƙanin babansa, wanda bai wuce aji uku na sakandare ba. A lokacin har da dariya ya ba shi, ya ce masa ya je ya noma, shi alli ne fartanyarsa.

Daminar da ta wuce annoba ta faɗa wa citta a duk kudancin Kaduna. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa tana wari. Manoman da suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu da citta suka tashi ba ko buhu. Gonakin kwari, inda ruwa ke kwanciya, su suka fi shan wahala. Tudun mahaifin Obadiah kuwa, wanda kowa ke rainawa saboda tsakuwa, ruwa ba ya zama a kansa, cutar ba ta hau ba. Zamani ya haƙe cittarsa lafiya lau a shekarar da farashi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba.

Obadiah ya ga sakamakon da idonsa ranar godiyar girbi a majami'ar ƙauye. Zamani ya fito gaba yana rawa, matarsa na biye da shi, ana jan akuya biyu a bayansu. Ya sauya kwanon gidansa. A bakin majami'a ga sabon babur ja, ledar kamfani ba a ma cire ta daga kujera ba. Dattawan da a da suke miƙewa su gaida Obadiah suna kiransa Malam, yanzu Zamani suka kewaye, kowa na son a sa shi cikin masu samun iri, don lafiyayyen irin citta ya zama abin da ko da kuɗi a hannu sai an san mutum. Obadiah ya tsaya gefe da takalminsa da ya sha gyara sau biyu. Ya lura Zamani ya yi ƙiba a wuya. Ya lura yana cewa "amin" da ƙarfi fiye da da.

Washegarin Kirsimeti Obadiah ya samu Zamani a gida, ya ce yana son gonarsa.

"Ba damuwa, Yaya," in ji Zamani, yana goge madubin babur da gefen rigarsa. "Gona naka ne. Kafin ruwa ya sauko za ka same shi yadda ya kamata. Me za ka sa?"

"Masara."

"Masara? A wannan tudu?" Zamani ya yi dariya. "Yaya, ka bari mu yi magana."

Obadiah bai bari ba. Dariyar ta bi shi har Kafanchan. Ya san masara ba za ta riƙe gida ba, ya san citta ce kaɗai za ta mayar da Miriyam, 'yarsu, kwalejin Gidan Waya ta ƙarasa karatunta. Amma iri yana hannun mutum ɗaya, kuma ya rantse a ransa ba zai shiga layin dattawan nan ba. Sau biyu Zamani ya kira wayarsa a watan Janairu. Ya bar ta tana ƙara a kan tebur har ta gaji.

Watannin rani suka wuce masa da neman darasin gida. Ya samu gida biyu, ɗaya ya daina bayan mako uku. Ya kai takardunsa makarantu huɗu, ko'ina ya tarar su ma ragewa suke yi. Ya daina hawa babur ɗin haya, ya koma tafiya a ƙasa, yana cewa likita ne ya ba shi shawara.

Farkon watan Maris ya je duba gonar. An haƙe ta tas, an share, sai kusurwar gabas. Can an bar wani yanki ba a taɓa ba, an lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa mai kauri, an kewaye da ƙaya saboda aladu. Obadiah ya bar ƙauye yana ɗan shekara goma sha biyu zuwa makarantar kwana, amma wannan kam ya sani: haka ake ajiye iri a cikin ƙasa har lokacin shuka. Ya ɗaga ciyawar, ya tona da yatsa. Citta ce fara ƙal, mai tauri, idanunta sun fara kumbura.

Ya daɗe a tsugune. Wato Zamani bai da niyyar fita. Ya ci gonar shekara goma sha ɗaya, ya yi kwano da babur a kanta, yanzu kuma ya mayar da ita rumbunsa, ya sa ƙaya kamar mai gidan ne ɓarawo.

Ranar Asabar aka yi jana'izar wani tsohon mai bishara a ƙauyen da ke gaba, duk gari ya tafi. Obadiah ya san da haka. Da safe ya ɗauki birkiloli biyu daga cikin waɗanda ke zaman jiran aiki a bakin titi tun da gine-gine suka tsaya, ya yi hayar a-kori-kura. Kafin rana ta take sun haƙe kusurwar. Buhu bakwai.

Faustina ta kwance bakin buhu ɗaya a tsakar gida, ta dubi mijinta.

"Wannan ai iri ne. Ina ka samo?"

"A gonata."

"Zamani ya sani?"

"Shi ya tambaye ni kafin ya ajiye kayansa a gonar ubana? Kuɗin hayar shekara goma sha ɗaya ne wannan, kuma na yi masa sauƙi. Kawo wuƙaƙe."

"Wuƙa kuma? Baban Miriyam, mutane suna kuka a kan iri, kai za ka yanka ka shanya? In ma ka ɗauka, ai sai ka shuka."

"In shuka, gobe ya tsaya gaban majami'a ya ba da shaida cewa shi ya ciyar da ni? Ko ya zo da kaka ya ce amfanin nasa ne, tun da irinsa ne? Busasshiyar citta ba ta da suna a jiki. 'Yan kasuwa za su saya ranar da ta bushe."

"Yesu ya taimake ka," ta ce. Ta kawo wuƙaƙen.

Kwana uku suna yi. Kowace saiwa a tsaga ta gida biyu ta tsawo, a jefa a daro, a baza kan siminti. Hannun Obadiah bai saba ba, ya yanke yatsa sau biyu, ruwan cittar ya shiga ciwon. Amma yana jin wani daɗi duk lokacin da wuƙa ta ratsa. Yana yanka yana ganin jan babur, yana ganin akuyoyin nan biyu. Tsakar gida ta cika, har sai da suka ari tamfol wurin maƙwabta. Ƙamshin ya kai bakin titi.

Ranar Laraba da yamma, rana ba ta faɗi ba, ya ji babur ya tsaya a ƙofa. Ya gane ƙarar. Ya gyara zama a kan benci, ya shirya maganganun da ya kwana uku yana tsarawa.

Zamani ya shigo da sauri, ƙura har gwiwa, bai ko yi gaisuwa daidai ba.

"Yaya, an cuce mu! An shiga gona, an kwashe iri duka. Jiya na je, na ga rami kawai. Na je wurin mai unguwa, na je..."

Ya tsaya. Ya dubi simintin, ya dubi tamfol, ya dubi wuƙar da ke hannun Obadiah. Ya tsuguna a hankali, ya ɗauki tsagi ɗaya da ya riga ya yamutse, ya juya shi.

"Kai ne?"

"Ni ne. Gonata ce. Na ce maka ina so, ka ce to, sai ka bar kayanka a ciki ka kewaye da ƙaya."

"Kayana?" Zamani ya ɗago kai. "Yaya, nawa na kwashe tun Disamba. Yana bayan gidana, duk an riga an raba wa mutane, saura wanda zan shuka. Wannan naka ne."

Faustina ta ajiye daron da ke hannunta.

"Wanda ya ari gonar citta ba ya mayar da shi haka kawai," in ji Zamani. "Dole ya bar wa mai gona iri a cikin ƙasa, ya rufe masa da ciyawa. Haka babanka ya yi wa babana, lokacin da ya mayar masa da gonan bakin rafi. Kowa ya sani. Yaro ma ya sani. Ni na zaɓi wurin da ya fi kyau na bar maka, don na ji abin da ya faru a makaranta. Na kira ka sau biyu in ce maka ka manta da masara."

"Ba ka faɗa ba ranar da na zo."

"Na ce za ka same shi yadda ya kamata. In ce me kuma? Kai ne Malam."

A waje wata mai tallan ruwan leda ta wuce tana kira. Obadiah ya dubi tsakar gidansa, ya yi lissafin da ya fi kowa iyawa: wurin da buhu bakwai zai rufe, abin da zai fito da kaka, irin shekara mai zuwa da na wadda ke bin ta. Duk ga su nan a baje, suna bushewa da kyau.

"In aka jiƙa fa?" ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Zamani ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗi. "Ko a kai shi Kogin Urdun ba zai tsiro ba. Ka sayar kawai. A yi yajin miya da shi a Kano."

Obadiah ya so a ce Zamani ya yi ihu, ya zage shi, ya kira maƙwabta. Da ya san yadda zai amsa. Amma mutumin yana tsugune yana tattara tsagin da iska ta watsar, yana mayar da su kan tamfol, kamar aikinsa ne. Ko a nan ma Zamani ya fi shi. Wannan ne ya fi yi masa zafi.

Faustina ta shiga kicin. Suka ji tana jan wani abu mai nauyi. Ta fito da buhu ɗaya, ɗaure yadda aka kawo shi, ta jingina shi da bango.

"Na ce maka bakwai muka yanka," ta ce wa mijinta. "Shida ne. Ka kai ni ƙara wurin fasto."

Zamani ya kwance buhun, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya fito da saiwa, ya karya, ya shinshina.

"Matar Yaya, ke ce ya kamata a ba gonan," ya ce. "Yana da rai. Amma ba zai kwana a nan kuma ba, zafin siminti zai kashe shi. Sai a mayar da shi inuwa, a rufe da ƙasa da ciyawa, yau ɗin nan."

"Zai isa ina?" Obadiah ya tambaya.

Zamani ya auna tsakar gidan da ido. "Kamar nan zuwa ƙofa, sau uku. Bana ba sayarwa, iri kawai za ka tara. Sauran gonan ka sa masaranka."

Bana ba sayarwa. Miriyam za ta zauna a gida shekara guda ke nan, kuma shi ne zai faɗa mata.

Ba kuɗin wata a-kori-kurar. Suka ɗaga buhun su biyu, suka ɗora a kan tankin babur, Zamani ya tallafe shi da gwiwoyinsa. Ya juyo yana jira.

"Hau, Yaya. Ka riƙe ni da kyau, hanya ya lalace bayan gada."

Obadiah ya hau. Ledar kujerar tana nan har yanzu, tana da santsi, sai da ya kama kafaɗar Zamani don kada ya zame. Babur ɗin ya tashi da bugu ɗaya, ba tari, ba hayaƙi. Suka wuce layin dogo, suka ɗauki hanyar Kagoma. Duk tsawon hanyar yana sauraren injin, ko zai ji wani abu da bai yi daidai ba. Bai ji ba.