Taswirar Malam Zubairu

A shekarar da rediyo ya cika da labarin murar Rasha, Zubairu ya dawo Talata Mafara da takardar duba-gari, da kuma tabbacin cewa kowa barci yake sai shi. Leburori na kwararowa aikin dam ɗin Bakolori, kowa da irin tarinsa, amma dattawa ba su da abin faɗi sai "Allah shi tsare."

Kwana tara ya yi yana tsara shiri: inda za a keɓe majinyata, inda za a ajiye magani, hanyar da mota za ta bi daga Bakura har Maradun. Ranar Litinin za a kai takardar shirin Sakkwato, kuma sai dagatai sun amince.

Ya tara su a zauren hakimi. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin sa'a, yana ta duba agogo. Sannan ya shimfiɗa taswirar da ya tono daga ofis, ya wanke su da faɗa kamar 'yan firamare.

"Nan," ya buga da alƙalami. "Tungar Nagode, tsakiyar ƙauyuka bakwai. Nan za a kafa rumfa, gado ashirin."

Ardo Hamma, dattijon Fulani, ya sunkuyo ya daɗe yana kallo.

"Malam, gadajen ga, sun iya iyo?"

"Wane irin iyo kuma, Baba?"

"Tungar Nagode dai ruwan dam ya shanye ta tun damina. Ni da kaina na koro shanu daga can. Yanzu kifi ka kwana masallacinsu."

Wani ya cusa dariyarsa cikin rawani. Zubairu ya dubi gefen taswirar. An buga ta shekarar da aka sa shi aji ɗaya.

"To, mutanen fa?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Wasu na sabon gari, wasu Garbadu wurin dangi, wasu Morai. Tambayi Turai ungozoma, ita ka bin su tana yanke cibi."

Litinin ta zo, takarda ba ta tafi ba. Zubairu yana hanyar Garbadu a ƙafa, rataye da jakar ungozoma Turai, tsohuwar da ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Tana lissafo gidaje, yana rubutawa, gumi na ɗiga kan littafin.

"Rubuta da kyau, ɗan boko," ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Gidan Jatau mutum sha ɗaya, uku na tari tun jiya. Da su za ka fara."