Gwanjon Jirgin Malachy

Jirgin kamun kifin nan, marigayi Malachy mijin Nuala ne ya ƙera shi da hannunsa, kuma shi kaɗai ya bar mata. Sai ɗansu Fergal ya je ya sa masa sabon inji da kuɗin hodar iblis. Kotu ta ɗaure Fergal, ta ce jirgin ma dukiyar laifi ce, a yi gwanjonsa a biya kuɗin shari'a. Wato da gumin uban za a sallami waɗanda suka ɗaure ɗan. Abin ya ci wa Nuala rai ƙwarai.

Sai dai a wannan gaɓa ta yammacin Ireland, tun kaka da kakanni ba a taya kayan maƙwabci in hukuma ta ƙwace. Kowa zai zo ya yi gum, mai kaya ya taya da ɗan abin hannunsa, dole a sallama masa.

Ran gwanjo, duk da yayyafi, gari ya taru a bakin ruwa.

"Kai Colm, ko kanka na ƙaiƙayi kar ka sosa," in ji Breege, ƙanwar Nuala, ga mijinta. "Ka ɗaga hannun nan a ce ka taya, yau da tumaki za ka kwana."

"Ai sun fi ki shiru," in ji shi.

Mai gwanjo, wani saurayi daga Dublin, ya buɗe ciniki. Nuala ta taya. Babu wanda ya yi ko tari. Har ta fara ajiyar zuciya, sai saurayin ya dubi kwamfutarsa, ya ambaci kuɗin da ya ninka nata.

"Wane ɗan iska ne?" Colm ya daka tsawa yana waige-waige. Babu hannu ko ɗaya a sama.

"Ta intanet ne, Baba," in ji mai gwanjo. "Wani ne daga Holland."

"To a gaya masa na Malachy ne!"

"Ba ya jin ku."

Nuala ta ƙara, har da abin da ta ajiye don jana'izarta. Na can ya ƙara. Mai gwanjo ya buga guduma, ya sallama masa.

Jama'a suka yi cirko-cirko. Ga fushi, amma babu wanda za a ƙaurace wa, babu wanda za a hana gaisuwa a ƙofar coci. Nuala ta matsa kusa da saurayin.

"Ɗana, in kana iya rubuta masa, ka ce kada ya bar jirgin a tudu ya sha rana. Katakon tsagewa yake yi."